Muryar Delu a Zaren Kaset

Ɗazu na ji kuna wa jikata dariya, da ta zo tana nuna muku 'yan ajinsu suna hira da yaran wata makaranta a wata ƙasa ta cikin waya. Ɗayanku ya ce ai wannan ba aiki ba ne, dannawa kawai ake yi. To ku ajiye wayoyin mutane da kuke gyarawa ku matso. Ni Sule na haɗa makarantu biyu na ƙasa biyu tun babu waya a aljihun kowa, da rikoda da zaren kaset, kuma abin da ya fito daga cikin zaren nan har yau ban manta da shi ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a fifita gawayi ne. Maigidana Alhaji Rasaki Bayarabe ne, ya daɗe a Funtua har 'ya'yansa sun fi mu iya baƙar magana da Hausa. Shagonsa yana kusa da tashar jirgi. Wuta ba kullum ake samu ba, saboda haka ƙarfen da muke narka dalma da shi a kan gawayi ake ɗora shi. In ya yi zafi da yawa ya ƙona cikin rediyo, in bai yi ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Alhaji yakan kawo ƙarfen kusa da kuncinsa, ya ji zafin, ya miƙo mini. Na daɗe ina wannan kafin ya bari na taɓa rediyo mai rai. Matattu yake ba ni, in kwance, in ware kusoshi a gwangwanin madara, in sake ɗaurewa.

Kasuwarmu da kaka take. Manomi ya kai audugarsa an auna, ya sayi rediyo, ya ɗinka mata riga. Kafin damina ta dawo ya kawo mana ita, batir ya zube a ciki ya ci ƙarfe, ko kyankyasai sun yi gida a bayan sifika. Da alhazai suka fara shigo da rikoda daga Saudiyya, Alhaji Rasaki ya juya ɗaya a hannunsa ya ce shi idonsa ya gaji, wannan na yara ne. Haka rikoda ta zama tawa. Na koyi goge kanta da auduga da sifirit, na koyi yanka bel daga tsohon tub ɗin keke in nata ya saki, na koyi nannaɗe zare da biro. Da na buɗe nawa shagon, sunan da aka sa mini ke nan, Sule mai rikoda.

Wata rana ina ɗaure wata rikoda sai ga wani dogon mutum da farar jallabiya ya yi sallama. Ustaz Bashir sunansa, mutumin Sudan, yana koyar da Larabci a wata makarantar sakandare a Malumfashi. Hausarsa tana tafiya da sanda amma tana isa. Ya ce ɗan'uwansa hedimasta ne a wani gari na manoman auduga a ƙasarsu, kuma sun shirya ɗaliban nan da na can su riƙa aika wa juna murya a kaset, su san juna, su gyara Turanci da Larabci. Yana neman wanda zai ɗauki muryar da kyau.

"Akwai mutanenku a can, Malam Sule," ya ce. "Da yawa."

Na ce to. Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na zaci irin daɗin bakin baƙo ne.

Ku da kuke cewa dannawa ce kawai, ku gwada ɗaukar muryar aji guda a ƙarƙashin rufin kwano. Da rana ta ɗaga kwanon zai fara ƙara. Iska ta shigo ta taga ta cika makirfo da huci. Akuya ta yi kuka a bayan aji daidai lokacin da yaro ya kai tsakiyar jawabinsa. Sai da na sa wa makirfo safa, muka rataya tabarmi a tagogi, muka koma yin aikin da sanyin safiya. Ɗaliban kuwa, mai surutun aji in ya ga jar fitila ta kama sai ya manta sunan ubansa. A fuska ɗaya ta kaset suka yi Turanci da Larabci. A ɗaya fuskar suka ba da labarin garinsu, yadda ake shuka auduga a ƙasar Malumfashi da yadda ake tsinkarta, suka yi waƙar da ake yi a gayya. Ustaz ya naɗe kaset ɗin a tsumma, ya kai gidan waya.

Amsa ba ta zo ba sai da aka yi girbi aka gama. Shugaban makarantar su Ustaz ya ce ba ɗalibai kaɗai za su ji ba, a kira iyaye. Na ɗauko babbar sifika, na haɗa da batirin mota, aka cika ɗakin taro har bakin ƙofa. Na danna. Wani mutum ya yi jawabi da Larabci, Ustaz yana murmushi yana fassarawa. Yara suka biyo baya da Turancinsu mai ɗanɗanon Larabci, namu suna ƙyaƙyatawa. Sai wata yarinya ta gyara murya.

"Sunana Amna. Ina gaishe ku. Kuna lahiya? Ya gajiya, ya mutan gida?"

Wani dattijo a gaba ya waiga yana neman wadda ta yi magana a cikinmu. Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauye, tana fitowa daga kaset mai hatimin Sudan. Yarinyar ta ce da suka ji namu kaset ɗin a makaranta, ta koma gida ta faɗi sunan Malumfashi, kakarta ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ta ce kakar ta matsa sai an ba ta wuri ta yi magana.

Aka ji motsin tabarma, sannan muryar tsohuwa, a hankali, kamar mai tsoron na'urar.

"Salamu alaikum mutanen ƙasar Malumfashi. Ni ce Delu, 'yar Malam Na-Allah na Tudun Giginya. Na fito ina amarya, ni da mijina, za mu Makka da ƙafa. Ciwo ya kama ayarinmu a hanya, shi ya rasu, ni aka bar ni a wani gari ba a sa ran zan tashi. Na tashi. Ban kai Makka ba, ban koma gida ba. Ina cigiyar yayana Audu, in yana da rai. In kuma..."

Muryar ta ja, ta yi kauri kamar ta namiji, sannan rikoda ta yi wani ƙara ta tsaya. Na buɗe murfin. Zare ya nannaɗe a jikin robar da ke jansa, ya cukurkuɗe. Kafin in ɗago kai wani daga cikin iyayen ya miƙe tsaye.

"Audu na Tudun Giginya ai mahaifin Alhaji Mamman ne, mai sayen auduga. Amma Delu ta mutu. Kowa ya san Delu ta mutu, an yi mata sadakar arba'in tun ba a haife mu ba."

Ustaz ya riƙe mini rikodar, na zaro kaset ɗin.

Gyaran zaren da ya sha zafin tafiya ba aikin gaggawa ba ne. Zafi ya sa ya manne da juna, shi ya sa rikoda ta cinye shi. Washegari a shago na kwance kaset ɗin, na shimfiɗa zaren a kan gilashi, ina lallashinsa da bayan cokali har ya miƙe. Amma akwai wurin da ya tauye ya yage, kamar taƙi guda, ba yadda za a yi da shi. Na yanke da reza a karkace, na haɗa baki da baki, na liƙe ta baya da jan farce. Na sauya masa gida, sannan na jona rikoda biyu na kwafe shi a sabon kaset, don kada a sake wasa da na asalin.

Ina cikin kwafewar mota ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji Mamman ne. Na san shi, ni nake gyara masa rediyon mota. Bai zauna ba.

"Malam Sule, an ce kana da wata murya."

"Ina da ita, Alhaji."

Na kunna masa. Ya tsaya ya ji har inda na yi haɗi, inda maganar ta yi tsalle daga "in kuma" ta faɗa kan gaisuwar dangi. Fuskarsa ta canza.

"Me ka yanke a nan?"

"Abin da rikoda ta cinye. Ga shi a gwangwani, ba ya kunnuwa."

"Ka yanke, ka liƙa, ka kwafe. Ashe mutum zai iya sa kaset ya faɗi abin da yake so ke nan."

Na ce ni ban san Tudun Giginya ba, ban taɓa jin sunan Delu ba sai jiya. Ya ce waɗanda suka dawo daga wannan ayari da bakinsu suka ce ta rasu. Kakansa ya mutu bayan haka, gona duka ta dawo hannun mahaifinsa, shi kuma yanzu shi ke nomanta. Sannan ya sassauta murya ya ce tsohon ba ya gani sosai, ƙirjinsa ba lafiya, irin wannan labari yana iya kai shi ƙasa. Ya ce in ba shi kaset ɗin duka biyu. Har yau ban san wanne ya fi damunsa ba, gonar ko tsohon. Ina jin shi ma a ranar bai sani ba.

Na ce kaset na makaranta ne, sai dai ya tambayi Ustaz. Da ya tafi na je wurin Alhaji Rasaki na faɗa masa. Bai ɗago daga rediyon da yake dubawa ba.

"Kai mai gyara ne, ba alƙali ba. In an ce ka kunna, ka kunna, ka rufe bakinka."

Ba mu muka kai labarin ba, kasuwa ce ta kai shi. Ranar kasuwar Malumfashi ta zagayo, kafin yamma Malam Audu ya ji, ya aiko a zo masa da abin. Muka je ni da Ustaz bayan la'asar. Tsohon yana zaune a zaure kan buzu, dagaci a gefensa, Alhaji Mamman a bakin ƙofa. Na ajiye rikoda a gabansa na kunna. Ya saurara har ƙarshen gaisuwar, kansa a sunkuye. Na kashe.

"Sunayen daidai ne," ya ce. "Amma suna kowa yana iya ji a bakin wani. Ni Delu da na sani yarinya ce mai siririyar murya. Wannan tsohuwa ce. Ban san ta ba."

Alhaji Mamman ya sauke numfashi. Dagaci ya fara gyara riga zai tashi. Ni kuma na tuna da abin da na ji lokacin kwafewa. Wanda ya ɗauki muryar a can bai kashe rikoda da wuri ba, akwai ragowar hayaniya a ƙarshen zaren wadda ban ɗauke ta komai ba. Na ce akwai saura kaɗan, ba magana ba ce ta kirki. Tsohon ya ce in sa.

Aka ji kaji, aka ji wani yana Larabci daga nesa. Sai tsohuwar, da muryarta ta gida, ba ta baƙunta ba, ta daka wa wani yaro tsawa.

"Kai, sauka daga kan turmin nan, ɗan nema. Turmi wurin zama ne? Sauka kafin in taso."

Malam Audu ya ɗago kai da sauri har hularsa ta zame. Ya miƙa hannu yana laluben rikodar.

"Inna," ya ce. "Wannan Innarmu ce."

Dagaci ya ce, "Malam, mahaifiyarku ai ta daɗe da rasuwa."

"Na sani, ni na sa ta a kabari. Amma haka take faɗa, haka muryarta ta koma da ta tsufa. Ban taɓa jin Delu da tsufa ba, amma na ji uwarmu. Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya sa na mayar har batir ya fara rauni. Alhaji Mamman ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

A wannan zaman tsohon ya sa na juya sabon kaset na ɗauki amsarsa. Ya gaya mata wanda ya mutu da wanda ya rage, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, a gaban dagaci, an raba gado ba da ita ba alhali tana da rai, saboda haka a fitar mata da rabonta. Cikin makon aka kira malamai aka auna, aka dasa gamba a kan iyaka. Ya ce Mamman ya ci gaba da noma wurin, amma dawa za a shuka ba auduga ba, kuma a gina mata rumbu dabam, a liƙe bakinsa da laka. Alhaji Mamman bai yi musu ba. Amma ya daina kawo mini rediyonsa, in mun haɗu a hanya sai ya dubi wani wuri.

Daga nan kowane kaset na makaranta sai an bar wa tsofaffin nan wuri a ƙarshe. Ɗalibai su yi nasu, Amna ta yi nata, sannan Delu da Audu. An tambaye ta abin da ta faɗa a wurin da zare ya yage, ta yi dariya ta ce ta manta. Maganar gona kuwa cewa ta yi ina ita ina gona a wannan nisa, a bari sai yadda Allah ya yi. Tsohon ya ce to, rumbu yana nan.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Auduga ba ta kai gwiwa ba. A shagona rediyoyin da aka gyara suka taru a kan kanta babu mai zuwa karɓa. Masu zuwa, sayarwa suke so su yi, mutum ya kawo rikodar da ya yi alfahari da ita ya ce in ba shi abin da zai auni tiya. Batir ya yi wuya, sabon kaset ya ɓace, sai in goge tsoho in ɗauka a kai. A cikin wannan hali aka daina sabunta wa malaman ƙasashen waje kwantiragi. Ustaz Bashir ya zo ya yi mini sallama, ya ce can ma labarin da yake samu ba daɗi. Da tafiyarsa zumuncin makarantun ya tsaya.

Wata safiya ina share shago sai ga Alhaji Mamman, ba mota, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Wannan karon ya zauna.

"Malam Sule, kana da kaset?"

Na ce akwai tsoho. Ya ce rumbunansa sun ƙare, ya sayar da mota, gidan cike yake da yara. Rumbu ɗaya ya rage, na Delu, kuma tsohon ya ce ba mai taɓa shi sai da izinin mai shi. Na kunna masa rikoda. Mutumin da ya ce na ƙirƙiri muryar ya durƙusa a gaban makirfo yana cewa, "Gwaggo, ni ne Mamman ɗan Audu, ina neman alfarma." Muka ba wani maniyyaci kaset ɗin ko zai gamu da mutanen Sudan a Makka. Mu duka mun san ko ya isa, amsa ba za ta zo a kan lokaci ba.

Ba ta zo ba. Abin da ya zo, wata babbar mota ce ta sauke mutane a bakin tasha, wani mutum ya riƙa tambaya har aka nuno masa shagona. Baƙi ne, dogo, jallabiyarsa ta koma kalar ƙasa, bayansa mace da yara da wata budurwa riƙe da ƙullin kaya. Ya zaro kaset daga aljihu ya ajiye a kan teburina. Rubutun hannuna ne a jiki, na farkon da muka aika wa Delu.

"Kai ne Sule? Ni Usman, ɗan Delu. Ta rasu da azumi. Ta ce in abin ya ƙi, mu nemi gidan Audu."

Budurwar ta gaishe ni. Tun kafin ta faɗi suna na gane muryar, Amna ce. Sun baro yunwa, sun ratsa ƙasashe a bayan motoci, sun iso wata yunwar.

Na rufe shago na kai su Tudun Giginya. Malam Audu ya shafa fuskar Usman da hannu biyu, ya tambayi yadda ta cika da inda aka binne ta, ya yi mata addu'a. Sannan ya kira ɗansa ya ce a kai baƙo wurin kayansa.

Muka zagaya bayan gida. Rumbun yana nan, bakinsa a liƙe, laka ta bushe ta tsage. Matan gida da yara sun fito sun tsaya daga nesa, idonsu duka a kan rumbun. Alhaji Mamman ya ɗauko gatari ya miƙa wa Usman.

"Na mahaifiyarka ne. Ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Kai za ka buɗe."

Usman ya karɓi gatarin. Ya dubi rumbun, ya dubi yaran da ke tsaye, waɗanda wuyansu ya yi siriri kamar na nasa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Mutum nawa ke ci a gidan nan?" ya tambaya.

Alhaji Mamman ya ce, "Ban da ku?"

"Har da mu."

Ya ɗaga gatarin ya fasa lakar. Dawar ba ta kai su kaka ba, sai da aka haɗa da tafasa da rama, amma ba a fitar da gawa daga gidan ba a wannan shekara. Da ruwa ya dawo, Mamman da Usman suka yi huɗa tare, garma ta bi ta kan gambar iyaka, tsohon yana zaure bai ce a tsaya ba.